Sunan Solène a Akwatin Lamba 17

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Noélie ta tafi. Na wanke faranti biyu, kofi biyu, tukunya ɗaya. Wannan ce Laraba ta takwas.

Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da na ci da yadda gwiwata ta kwana, shi ya sa na sayi littafin nan. Gwiwa da sauƙi. Na ci miyar albasa da burodi. Sauran shafin ba na likita ba ne.

A watan Maris Solène ta bugo min waya. 'Yata ce, ita kaɗai gare ni. Rabon da in ji muryarta tun ranar da muka binne uwarta Josiane, shekara huɗu ke nan. Ba ta tambayi lafiyata ba, ni ma ban sa rai ba. Cewa ta yi, "Baba, adireshinka nake so."

'Yarta Noélie shekararta goma sha ɗaya, za ta shiga sakandare a watan Satumba. Kowane titi da makarantar da aka ba shi. Benayen da suke zaune a can sama na makarantar Tudu ne, kuma can duk 'yan ajinsu za su tafi, har da 'yan matan da suka takura mata a watan Janairu. Ban san duk abin da ya faru a Janairu ba. Na san an kira iyaye. Na san yarinyar ta yanke gashinta da kanta da almakashin kicin, kuma ba ta sake zuwa ninƙaya ba. Titinmu kuwa na makarantar Gada ne tun ina saurayi, can Solène ta yi karatu.

Sai muka yi abin da rabin mutanen Limoges suke yi. Aka ƙara sunan Solène a takardar wuta, na sa hannu cewa a gidana suke zaune, na rubuta sunanta da na yarinyar a 'yar takarda na manna a akwatin wasiƙa, ƙarƙashin nawa. Shekara talatin da takwas ina raba wasiƙu a garin nan, na san irin waɗannan sunayen. Suna tsirowa a Maris, su kaɗe a Oktoba. Da dariya nake yi musu.

Solène ta ce yarinyar ta riƙa zuwa duk Laraba, maƙwabta su saba ganinta, ita ma ta san ɗakin ko da za a zo dubawa. Ta bar buroshi da silifa. Solène tana sauke ta a ƙofar gida da sha biyu, ta ɗauke ta da biyar saura. Larabobin farko ba ta fitowa daga mota. Yau ta hau har rabin bene.

Alhamis, 8 ga Mayu, sha ɗaya na safe

Hutu, babu wasiƙa.

Na haɗu da Madam Teixeira a wurin mai burodi. Ita ce ta lamba 14, gidan da ke kallon nawa. Akwatinta ɗauke yake da sunaye huɗu, ita kaɗai kuma take kwana a ɗakin.

"Mai wasiƙa," ta ce, "na ga kai ma ka yi sabuwar haihuwa a akwati."

Na ce tawa dai 'yata ce ta cikina, ba kamar wasu ba.

"To, ni 'ya'yan ƙanwata ne. Ƙanwar ce dai ban taɓa gani ba." Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ce, "Amma kai me ka ci da wahalar? Ba ka ji an sake ja layin ba? Bana ɓangarenmu ne kawai na Gada. Ku na tsallake an ba Tudu ku."

Na ce ai titi ɗaya ne.

"Titi ɗaya, baki biyu. Kai da ka ƙarar da takalma a kansa ni zan gaya wa?"

Na sayi burodina na dawo. Matar nan da yawan surutu take.

Juma'a, 9 ga Mayu, biyu na rana

Na je ofishin ilimi. Taswirar tana manne a bango bayan gilashi. Jan layi ya bi ta tsakiyar titin Majema. Su 12, 14, 16 na Gada. Mu 15, 17, 19 na Tudu.

A gefe akwai sanarwa. Za a aiko wa kowane iyali wasiƙa da sunan makarantar da adireshinsu ya ba su. Wanda yake son wata daban yana da dama ya zaɓa, ya cika fom ɗin da ke cikin wasiƙar ya mayar kafin ƙarfe biyar na Juma'a 23 ga wata. Wanda bai mayar ba, ya yarda ke nan. An jera waɗanda ake fara dubawa: marasa lafiya, masu yaya ko wa a makarantar, sai waɗanda gidansu yake bakin iyaka.

Na karanta sau biyu. Na dawo a ƙafa. Gwiwa ta ɗan yi magana a kan gada.

Asabar, 10 ga Mayu, goma da rabi

Wasiƙu sun zo goma da minti ashirin. Tallar kanti, da farin ambulan da sunan Solène.

Ban buɗe ba. Ban taɓa buɗe wasiƙar wani ba, ba kuma yau zan fara ba. Na sa shi a aljihun tebur inda cokula suke.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ruwa tun safe. Ban kira ba.

Litinin, 12 ga Mayu, huɗu na yamma

Na ƙirga. Daga ƙofata zuwa ƙofar makarantar Gada taku ɗari biyu da goma sha biyu. Zuwa ta Tudu dubu biyu da ɗari shida da arba'in, rabinsa hawa ne. Duk wanda ya ga waɗannan lambobin zai gane gidana bakin iyaka yake. Ana iya samu. Ana iya rasawa, don kujerun da suke saura ba su da yawa.

In na faɗa, abu biyu ne. Ko ta cika fom, ko ta ce adireshin nan ba shi da amfani ta kwashe buroshi da silifa. Na san 'yata. Ba a gaya mata cewa abin da ta sauke girman kai ta roƙa ashe wofi ne.

Zan ba ta ranar Laraba, hannu da hannu. Ba maganar waya ba ce.

Laraba, 14 ga Mayu, shida na yamma

Na yi naman kaza da dankali. Noélie ta ci sau biyu. Ta ce ɗakina warin tsohuwar jarida yake yi, na ce ita kuma kanta kamar na bushiya, ta jefe ni da ɓawon burodi. Gashin ya fara tsirowa.

Ta tambaye ni ko kare ya taɓa cizona a bakin aiki. Na nuna mata tabon. Ta ce, "Kaka, wasiƙar fa? Ka yar ka gudu?" Na ce da jini a wando na kai ta. Ta ce ƙarya nake. Na ce ta tambayi uwarta.

Biyar saura Solène ta hau. Har sama. Ta tsaya a bakin kicin da makullin mota a hannu, ta dubi labulen da uwarta ta ɗinka, ta ce, "Har yanzu ba ka canza wannan mugun labulen ba?" Na zuba mata kofi. Ta zauna. Minti goma sha ɗaya ta yi a zaune, a kujerar da ke kusa da aljihun cokula.

Da za ta tashi ta ce, "Wasiƙar makaranta ba ta zo ba? Wasu sun samu tasu."

Na ce, "Gidan waya na yanzu ai sai a hankali."

"Ba komai. Tabbatarwa ce kawai, mun san abin da ke ciki."

Abin da na faɗa gaskiya ne. Gidan waya na yanzu sai a hankali.

Alhamis, 15 ga Mayu

Wasiƙu sun zo goma da minti ashirin da biyar. Babu komai. Gwiwa lafiya.

Asabar, 17 ga Mayu, azahar

Madam Teixeira ta tsallako titi da kwandon 'ya'yan ceri, wai daga gonar surukinta.

"Na ga 'yarka ta hau sama ranar Laraba."

Na ce idonta ƙalau yake.

"Ka gaya mata maganar layin?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace.

"Lokacin da ya dace! Yvon, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Da Josiane tana nan da tuni ta ja kunnenka."

Na ce ta bar Josiane ta huta. Ta dube ni, ta ajiye kwandon a kan matakala ta tafi. Ba ta cika kirana da sunana ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, yamma

Na je maƙabarta, wurin Josiane. Na cire ciyawa, na canza ruwan fure. Ban yi mata maganar ba.

Wancan karon ma Laraba nake jira. Solène tana da jarrabawar aiki a lokacin, na ce a bari ta gama tukuna kafin a gaya mata ciwon uwarta. Likitan Josiane ya ce wata uku suka rage mata, sai abin ya zo a kwana goma sha tara. Ba abu ɗaya ba ne da na yanzu. Ban san me ya kawo shi cikin littafin nan ba.

Talata, 20 ga Mayu

Na koma ajiye cokula a kan tebur.

Laraba, 21 ga Mayu, bakwai na yamma

Na gasa kek ɗin ceri irin na Josiane, da ƙwallayen a ciki. Noélie ta ce wannan tarkon haƙori ne. Na ce duk wanda ya cire ƙwallo ba ɗan yankin nan ba ne. Muka yi gasar tofa su a faranti, ta cinye ni.

Bayan abinci ta ce mu je ta ga makarantar. Muka je tana ƙirga taku, nata ɗari biyu da sittin. Ta kama ƙarfen ƙofa tana leƙen fili, itatuwa uku da wurin ajiye kekuna. Ta daɗe. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Nan babu wanda ya san ni."

Na ce haka ne.

"Mama ta ce zan riƙa zuwa cin abincin rana a wurinka. Kullum, ba Laraba kawai ba. Amma ban da miyar albasa."

A hanyar dawowa bas mai hawa Tudu ya tsaya a gabanmu, 'yan mata uku a kujerar baya. Ɗaya ta ƙwanƙwasa gilashi. Ban ga abin da ta yi da hannunta ba. Noélie ta koma bayana ta riƙe rigata, har bas ɗin ya tafi ba ta saki ba. Da muka shiga gida ta wuce banɗaki ta kulle, na ji famfo yana zuba minti ashirin. Da ta fito ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. A gidanmu mun iya wannan.

Solène ta zo, ta ga kek, ta yi tsaye. Ta ci yanka biyu. Ta ce ya fi na Mama ƙonewa a gefe. Ta yi dariya, irin ta da, mai fita ta hanci. Shekara huɗu ban ji ta ba. Na ji daɗi, kuma na san da me na saye ta.

Ta ce ranar Litinin za ta kira ofishin a kan wasiƙar.

Alhamis, 22 ga Mayu

Gobe Juma'a.

Juma'a, 23 ga Mayu, takwas na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na yi aski. Na sa rigar ruwa ko da yake babu hadari, don ita ce mai babban aljihu. Na hau bas na biyu da kwata zuwa gidan tsofaffin da Solène take aiki a ɗakin wanki. Na jira a ƙofar baya kusa da kwandunan shara. Uku da minti biyar ta fito tana cire hular aiki.

"Baba? Lafiya? Noélie ce?"

Na miƙa mata. Ta yage, ta karanta, ta sake karantawa.

"Tudu? Ai kuskure suka yi. Titin Majema na Gada ne."

Na ce an ja layin. Na ce akwai fom a baya, kuma biyar ake rufewa.

"Biyar na yaushe?"

"Na yau."

Sai ta juya ambulan. 'Yar mai raba wasiƙu ce, tun tana shekara shida na koya mata karanta hatimi. Ta kawo shi kusa da idonta. Tara ga Mayu. Ta dube ni, ta buɗe mota.

A kan bonet ta cika fom ɗin. Bironta ya ƙi. Na ba ta nawa. A wurin da aka ce a rubuta dalili ta tsaya. Na ce ta sa bakin iyaka, taku ɗari biyu da goma sha biyu zuwa Gada, dubu biyu da ɗari shida da arba'in zuwa Tudu.

"Har ka ƙirga."

"Na ƙirga."

"Yaushe?"

Na ce ranar Litinin ta makon jiya.

Sai da muka koma gidana ɗauko takardar wuta, sannan muka faɗa cunkoso a kan gada. Biyar saura minti ashirin da biyar muka isa. Matar da ke karɓa ta buga hatimi, ta ce namu ne na tamanin da bakwai, kujeru kuma goma sha ɗaya. Ta ce mun yi sa'a da ba mu makara ba. Solène ta yi mata godiya sau biyu.

A mota ba ta tayar da inji ba. Ta riƙe sitiyari tana kallon gaba.

"Na zauna a kicin ɗinka. Na ci kek. Tana ina?"

Na ce a aljihun cokula.

"Kusa da gwiwata."

"Eh."

"Ka ga abin da ya same ta a Janairu. A'a, ba ka gani ba, ni na gani. Ni na share gashin a ƙasa." Ta goge hanci da bayan hannu. "Me ya sa?"

Na ce ina tsoron ku daina zuwa.

Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki magana irin wannan ba. Na yi zaton in na faɗe ta wani abu zai faru. Ta gyaɗa kai kawai.

"Kai ba ka ƙarya, Baba. Na shaide ka. Shiru kake yi har lokaci ya ƙure. Sau biyu ke nan."

Ta sauke ni a tashar bas, ba a ƙofar gida ba.

Laraba, 28 ga Mayu, ɗaya na rana

Na dafa na mutum biyu. Na sa rabi a firij.

Laraba, 4 ga Yuni

Buroshi yana nan. Silifa suna nan. Madam Teixeira ta gaishe ni daga tsallake, ba ta yi wasa ba.

Alhamis, 12 ga Yuni, sha biyu na rana

Wasiƙu sun zo goma da minti ashirin. Farin ambulan, sunan Solène.

Ban hau sama da shi ba. Daga akwati na wuce, da silifan gida a ƙafata, sai a tashar bas na lura. Bas ya wuce, ban jira wani ba, na hau tudun a ƙafa. Goma da minti hamsin da takwas na zura shi a akwatinta na can, na gaskiya. Ban danna ƙararrawa ba.

Gwiwa ta kumbura. Wannan na likita ne.

Alhamis, 12 ga Yuni, shida da rabi

Ta kira.

"An ba ta Gada."

Na zauna a kan matakala da wayar. Na ce madalla. Na ce ta gaishe min da ita.

"Takunka ne ya yi aiki, in ji su. Bakin iyaka." Ina jin Noélie a can baya tana waƙa, da ƙarar cokula. "Na sa ta a abincin makaranta. Ranar Laraba kuma za ta riƙa zama wurin maƙwabciyata."

Na ce to.

"Ka bar sunan a akwatin. Ana iya zuwa dubawa har ƙarshen shekara. In wasiƙa ta zo..."

Na ce za ta iso a ranar.

"Na sani," ta ce. Ta ajiye.

Laraba, 18 ga Yuni, sha biyu da kwata

Daga tagar kicin, in na ɗage labulen Josiane, ana ganin rabin ƙofar makarantar. Ban taɓa lura ba sai makon nan. Yara suna fitowa sha biyu saura biyar. Na jawo kujera wurin, sannan na mayar da ita. Satumba da saura.

Ruwan jiya ya ɗaga gefen takardar da ke akwatin, tawadar ta fara zuba a kan sunan Noélie. Na sake rubutawa da manyan baƙaƙe a sabuwar takarda, na manna da salatif, na bi gefunan da babban yatsa. Madam Teixeira tana tsaye a ƙofarta tana kallona.

"Mai wasiƙa, yaushe za ka cire su?"

Na ce a nan suke zaune.